Kaurin Gilashi

Abu na farko da ake koya wa mai wanke gilasan dogayen benaye shi ne kada ya ga komai. Ana koya masa ya tsayar da idonsa a kan gilashin, kan ƙura da kashin tantabara da sawun ruwan sama, kada ya bar shi ya zarce ciki inda mutane ke canza riga, ko kuka, ko ƙwaƙular hanci a kan kujerar shugabanci. Wanda ya leƙa, kamfani ya sallame shi. Wanda ya daɗe bai leƙa ba kuwa, idonsa kan manta yadda ake yi.

Jemage ya daɗe. Abokan aiki ne suka raɗa masa sunan, don rabin rayuwarsa a rataye ya yi ta, cikin wani dogon keji na ƙarfe da suke kira lilo, wanda inji ke saukarwa daga rufin bene da igiyoyi biyu. Ya san manyan gine-ginen garin kamar yadda mai aski ya san ƙeyar abokan cinikinsa. Bai taɓa shiga ko ɗaya ta ƙofar gaba ba. Ta matakalar baya ake hawa da su, inda ake tara shara da tsofaffin kujeru, daga can sai rufi, daga rufi sai sararin Allah.

A shekarar da cutar numfashi ta sake zagayo garin, hukuma ta kafa doka cewa ba mai shiga asibiti dubiya sai da katin allurar rigakafi. Jemage ba shi da kati, ba shi kuma da niyya. Malamin da ya karantar da shi, wanda ya rasu tun ba a san sunan cutar ba, ya taɓa ce masa jiki amana ne, ba a buɗe wa mutum ƙofarsa don kawai ya zo da takarda mai hatimi. Jemage ya ɗauki maganar ya adana, kamar yadda ake adana maganar matattu, tunda ba a komawa a tambaye su abin da suke nufi. Da limamin unguwarsu ya yi allurar, har ya naɗe hannun riga ya nuna wa jama'a damtsensa bayan sallah, Jemage bai daina bin sa ba. Ya dai koma sahun baya.

Sai matarsa ta kwanta. Hajiya yake kiranta, tun ba ta taɓa ganin ko katangar filin jirgi ba. Ba ma cutar da ake yayi ce ta kayar da ita ba, tsohon ciwon zuciya ne ya tara mata ruwa a huhu. Amma ƙofar asibiti ba ta tambayar abin da ya kwantar da naka, kati take tambaya. 'Yarsu Auta, mai koyar da lissafi a makarantar sakandare, ita ke zuwa jinya kullum in an tashi daga makaranta.

"Baba, Umma tana tambayarka," in ji Auta, tana zuba ruwan zafi a filas a kicin.

"Ki ce ina gaishe ta."

"Gaisuwa kam ta ishe ta, har ta rasa wurin ajiyewa. Kai take so. Allura ce fa, Baba, cizon sauro ma ya fi ta zafi."

"Ni na ce miki zafi nake tsoro?"

"To me kake tsoro?"

"Ranar da za a tambaye ni wa na buɗe wa."

"Kullum sai ka ɗaura bel, ka duba igiya, kafin ka sauka. Wannan ba rigakafi ba ne?"

"Igiya da idona nake ganinta. In ta tsufa in yar. Wannan in ta shiga, ta ina zan fitar?"

"Bel ɗin ma ai kamfani ne ya tilasta muku."

"Kafin su tilasta ina ɗaurawa. Ke da kika yi boko, gaya mini. In mutum ya tare ki ya ce miƙo hannu ko ki rasa ganin uwarki, roƙo ya yi ko fashi?"

Auta ta rufe filas ɗin da ƙarfin da ya wuce buƙata. "A ɓangaren da take kwance akwai waɗanda atishawarka kaɗai za ta iya kai su kabari. Su nasu jikin ba amana ba ne? Ko naka kaɗai aka ba ka da rasit?"

 Can ya ce, kamar wanda ke tambayar farashin sabulu, "Wane hawa take?"

"Na huɗu. Taga ta uku daga kwanar da ke kallon titi. Me sanin zai yi maka?"

"Addu'a ma tana son adireshi."

Daga ranar maganarsu ta koma ina kwana da sai da safe.

Kamfaninsu Jemage ne ke da kwangilar wanke asibitin ta waje. Ya je ya roƙi shugaban aiki a musanya masa wurin aiki zuwa can, aka musanya, don ba mai son asibiti: tagogi birjik, ga warin magani yana fitowa ta bututun iska. Ba wanda ya tambaye shi kati a matakalar baya. Masu rubuta doka mutane ne masu hankali, ba su taɓa tunanin za a zo dubiya daga sama ba. Dokar ta cika ginin dam, daga ƙasa har rufi, amma ta tsaya cak a jikin gilashi, wanda kaurinsa bai kai yatsa ba.

Da safen farko ya tsaya a bakin titi ya ƙirga, yadda mai wanke gilashi ke ƙirgawa, layi-layi daga ƙasa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Da ya taɓa shiga ta ƙofar gaba ko sau ɗaya, da ya san zauren ƙasa dogo ne, shi kaɗai ya cinye layi biyu na gilashi, don masu gini suna son marar lafiya ya ji shi ƙarami ne tun daga ƙofa. Layi na huɗu a waje hawa na uku ne a ciki. Jemage ya sa wa tagar alama a ransa, ya zagaya baya ya hau.

Abokin aikinsa a lilo Dogo ne, mutumin da bai kai masa kafaɗa ba, wanda ya yi tasa allurar tun ranar farko don ya ji ana ba da hutun yini guda. Shi ke riƙe da maɓallin inji.

A can sama da safe duniya takan yi laushi. Hayaniyar titi takan iso kamar ƙarar famfo a gidan maƙwabta. Gilashin asibitin irin mai duhu ne, wanda rana ke mayarwa madubi, saboda haka duk gajimaren garin a jikinsa suke kiwo. Mutum ya shafe su da kumfa, ya ja roba, su dawo wankakku. Wani lokaci jirgi kan ratsa tsakiyar taga, ƙarami kamar ƙuda, ya shige cikin bango bai fito ba. Kumfa kan ɓalle daga bakin bokiti, maimakon ta faɗi sai ta yi sama, tana ɗauke da garin baki ɗaya a cikinta, a kife.

Suka gangaro suna wanke tagogin da ke kan hanyarsu da sauri-sauri, don kada wani ya ce sun wuce su banza. Da suka iso wadda ya sa wa alama, Jemage ya ɗaga hannu, Dogo ya tsayar da inji. Nan ya yi abin da bai taɓa yi ba tun yana saurayi: ya kafa tafukansa a gefen fuska, ya manna goshi a gilashi.

"Kai, Jemage! Da tsufanka?"

"Iyalina ce a ciki."

Dogo ya juya baya ya shiga binciken wani tabo a can ƙarshen lilo.

Da farko kansa Jemage ya gani, wani dattijo mai furfura a gemu da gajimare a kafaɗa. Sai da ya matsa wa idonsa, kamar mai tura ƙofar da ta yi tsatsa, sannan ɗakin ya fara fitowa, shuɗi-shuɗi, kamar ɗakin da ruwa ya haɗiye. Gado na can jikin bangon ciki. A kan gadon akwai bargo har wuya, da hular asibiti, da robar numfashi da ta rufe daga hanci zuwa haɓa. Ciwo kan mai da tsofaffin mata 'yan uwan juna. Ya tsaya yana kallo. Can sai wani siririn hannu ya fito daga bargon, ya tashi a hankali kamar ciyawar ƙarƙashin ruwa, ya kaɗa.

Jemage ya riƙe ƙarfen lilo. Shi da iska ba ta taɓa sa wa jiri ba.

Aikin da ya kamata ya ƙare cikin 'yan kwanaki ya ƙi ƙarewa. Kullum ta wannan gefen suke farawa. Shugaban aiki ya buga waya, Dogo ya ce masa tantabarun asibiti cikinsu ya lalace, ana wankewa suna mayarwa.

Ran nan Jemage ya zo da tukunyar na'a-na'ar da Hajiya ke raino a bakin tagar kicin, ya ɗaga ta da hannu biyu don a ga bai bar ta ta mutu ba. Hannun ya kaɗa. Washegari ya nuna maɓallin da ya ɗinka da kansa, baƙin zare a farar riga. Bargon ya girgiza, ya gane dariya ake yi, ya ji daɗi. Yakan ɗaga tafuka ya yi addu'a, ya tofa a gilashin, sannan ya goge da roba, don sana'a sana'a ce.

Da yake gilashin ba ya barin murya ta wuce, sai ya samu bakin magana. Ya faɗi abubuwan da tun aurensu bai faɗa ba, saboda a gida tana ji. Ya ce gidan ya yi masa faɗi. Ya ce da safe yakan ajiye kofi biyu, sai ya tuna ya mayar da ɗaya. Ya ce ranar da ya fara ganinta a tashar mota, tana faɗa da kwandasta, shi kwandastan ya tausaya wa, amma ita ya bi.

"Malam," in ji Dogo daga can ƙarshe, bai juyo ba, "gilashin nan ya fara ramewa fa. Ka bar wa na baya abin wankewa."

"Ka kula da injinka."

"Ni ban ji komai ba. Amma batun kwandasta, ai da ka gaya mata tana iya ba ka amsa."

"Shi ya sa ban gaya mata ba."

A gida, wata yamma, Auta ta dawo daga asibiti ta ajiye jaka, ta ce wa bango, "Umma ta daina tambayarka."

Jemage ya yi murmushi. Ina dalilin tambaya, mutum yana zuwa kullum? Ashe Hajiya ta riƙe sirrin, ko 'yarta ba ta gaya wa ba.

"Murmushi kake, Baba?"

"Akwai abin da yara ba su sani ba tsakanin manya."

Ta dube shi kamar yadda take duban takardar ɗalibin da ya rubuta amsa ba tare da ya nuna aiki ba, ta shige ɗaki.

Safiyar da abin ya fashe, rana ta fito da kyau, gajimare sun yi layi a jikin bango kamar masu jiran ganin likita. Jemage ya manna goshi, ya ga gadon ba kowa a kwance. Tana zaune a bakinsa. Ta miƙe, ta kama sandar ƙarin ruwa, ta taho tana jan ƙafa, tana girma a cikin shuɗin ɗakin. Zuciyarsa ta cika da hamdala. Ta iso taga, ta sa hannu ta sauke robar numfashi.

Wata tsohuwa ce mai doguwar fuska da wushirya, wadda bai taɓa gani ba a duniya.

Ta manna tafinta a gilashi daidai fuskarsa. Tana dariya, hawaye na zuba. Ta nuna sama, ta nuna shi, ta dafa ƙirji. Ko kurma ya san abin da take cewa: ba wanda ya zo mata sai shi.

"Inna lillahi," in ji Jemage, ya ja da baya har bel ya tare shi.

Dogo ya leƙo, ya dubi matar, ya dubi Jemage. Ya san Hajiya, ya sha shayi a gidanta. Dariya ta zaunar da shi a ƙasan lilo, lilon ya shiga kaɗawa. "Wayyo cikina! Malam na sahun baya! Kwana da kwanaki kana zance a tagar matar mutane, ni ina riƙe maka igiya!"

"Rufa mini baki."

"Har da na'a-na'a!"

Jemage ya zaro waya da jiƙaƙƙen hannu, ya kira Auta. Ya zaci tana aji, sai ta ɗauka nan take, muryarta a dushe.

"Kina ina?"

"Asibiti. Likita ya kira ni tun safe. Baba, ina ta neman yadda zan gaya maka..."

"Je ki taga. Dubi ƙasa."

Ya ɗaga kai. A layin da ke samansa wata inuwa ta matso jikin gilashi.

"Baba? Hularka nake gani? Me kake yi a can ƙasa?"

Dogo ya daina dariya. Ya miƙe ya danna maɓalli, lilo ya yi sama.

Wannan tagar Jemage ya san ta. Akwai ɗan ƙarzani a kusurwarta ta hagu, kullum sai ya bi ta kansa da roba. Ya kafa tafuka ya leƙa. Gadon a jikin tagar yake, da ba don gilashi ba da ya miƙa hannu ya taɓa matashin. Hajiya ce, ta rame, idanunta sun yi girma a saman robar numfashi, suna kallonsa kamar sun daɗe a wurin. Auta ta kara mata wayar a kunne, ta ɗan ɗaga robar.

"Malam."

"Hajiya."

"Gilashin ya yi kyau." Ta ja numfashi. "Kullum ka zo. Ka tsaya a gabana. Ka shafa, ka goge, ka wuce. Na ɗaga hannu har na gaji."

"Ban gan ki ba."

"Ai na ga ba ka gan ni ba. Ido a buɗe, fuska da fuska. Sai ka sauka, in ga igiya ta tsaya tana rawa, ta daɗe. Na ce to, akwai wadda tagarta ta fi tawa datti."

"Wallahi ƙirga ce ta..."

"Da farko na ɗauka fushi kake don na yi allurar."

Jemage ya ƙifta ido. "Kin yi?"

"Tun bara. Ranar da na ce maka na je sayen zare."

"Kin dawo da zare."

"Ai na saya."

Tari ya kama ta. Auta ta mayar da robar, ta ɗauki wayar, ta juya wa gadon baya, amma gabanta gilashi ne, don haka ubanta ta fuskanta. "Ba ta taɓa gaya mini tana ganinka ba. Baba, yanzu za a mayar da ita ɗakin ciki, inda injuna suke. Likita ya ce zuciyar ta gaji. Babu taga a can."

"Ko ƙarama?"

"Ko ƙarama."

Hajiya ta yafito da yatsa, aka mayar mata da wayar.

"Malam, kada ka yi don ni. Ba na so ka zauna kana kallona kamar ni na tare ka a hanya. Riƙe amanarka. Na gan ka, ka gan ni. Ya isa."

Ya nemi abin faɗa. Duk maganganun da ya tara ya riga ya zubar da su a hawa na ƙasa.

Ƙofar ɗakin ta buɗe, ma'aikata biyu suka shigo, suka saki birkin gado. Gadon ya ja da baya, yana ƙanƙancewa cikin shuɗin nan, kamar jirgin ruwan da ya bar gaɓa ba tare da ya yi ƙara ba. Auta ta bi shi da jaka da filas. Ƙofa ta rufe. Jemage ya sauke tafukansa, gajimare suka dawo wurinsu.

Ya daɗe a tsaye. Wata tantabara ta sauka a ƙarfen lilo, ta dube su, ta ga ba abinci, ta tashi.

"Sauke mu," ya ce.

"Sama dai?"

"Ƙasa."

Da suka gifta tagar tsohuwa mai wushirya, tana nan tsaye da sandarta, tana kaɗa hannu. Jemage ya sunkuyar da kai. Dogo ya cire hula ya kaɗa mata da duk tsawon da Allah ya ba shi. "Je ka kawai," ya ce, "wannan dubiyar ni zan gaje ta."

Lilo ya dira a cikin furannin gaban asibiti. Jemage ya fito da bel a jikinsa, hannayen riga a jiƙe, ya nufi ƙofar gaba.

"Kati," in ji mai gadi.

"Babu."

Mai gadin ya nuna wani ɗan ɗaki a gefen ƙofa da haɓarsa, haɓar da ta gaji da nunawa. A ciki akwai kujera, da ƙaramin firij, da wata nas mai tabarau tana cin biskit a ɓoye. Ta share hannu.

"Sannu da aiki, Baba. Allura?"

Ya zauna. "Sista, ki rubuta cewa ban yarda ba."

Ta duba takardar gabanta. "Babu wurin rubuta wannan. Akwai suna, akwai shekaru, akwai wane hannu."

"To ki sani."

Ta ajiye biro. "In ba ka yarda ba, ba zan yi maka ba. Mu nan ba ma yi wa kowa dole."

"Ba kwa yi wa kowa dole."

"Ko kaɗan. Ganin dama ne."

"Waccan ƙofar fa?"

"Wannan ba sashena ba ne, Baba."

Wata 'yar dariya ta kuɓuce masa, marar daɗi. Ya zaci zai miƙa hannu ne ya kau da kai, a yi abin da za a yi, laifin ya hau kan mai hatimi. Ashe an tsara abin da kyau, sai mutum ya buɗe da bakinsa. Ya tuna malaminsa, ya nemi fuskarsa ya rasa, sai muryar kawai, ita ma ba ta ƙara komai a kan abin da ta faɗa tun farko ba. A bayan bango wani gado ya wuce, ƙafafunsa na kuka.

"Matata ce a ɗakin ciki," ya ce.

Nas ɗin ta cire tabarau. Ba ta ce masa allurar ba komai ba ce, ya gode mata da wannan. "Allah ya ba ta lafiya. Ina jira, Baba. Ba sauri."

Akwai sauri, su duka biyu sun sani. Ya kwance bel, ya ajiye a ƙasa, ya naɗe hannun rigar hagu. Ya dubi silin, ya motsa leɓe: Ya Allah, Kai ka ga yadda aka yi. Sannan ya ce, "Na yarda."

Auta ta yi gaskiya, cizon sauro ya fi ta zafi. Wannan ma ya ɓata masa rai.

Aka ba shi kati, mai gadi ya matsa gefe bai ko duba ba. Wani ya saka shi a lif, wani ya nuna masa hanya, wata ta ɗaura masa shuɗiyar riga ta baya, ta rufe masa baki da hanci, ta sa ya wanke hannu, shi da ya yini cikin sabulu.

Ɗakin ciki ba shi da safe, ba shi da yamma. Fararen fitilu ne kawai, da injuna suna 'yan ƙananan kukansu, kowanne da nasa lokacin. Auta ta gan shi, ta miƙe daga kujera. Ta gyara masa kujerar ta fita.

Ya zauna. Bai san inda zai sa hannuwansa ba, sai ya ɗora ɗaya a kan bargo, kusa da nata. Hajiya ta buɗe ido, ta dube shi, ta dubi hannun rigar da har yanzu yake naɗe a ƙarƙashin shuɗiyar, da 'yar filastar da ke leƙowa.

"Na ce kada ka yi," ta ce daga cikin robar.

"Kin ce."

"Ba ka taɓa jin maganata ba."

"Yau ma ban ji ba." Ya matso da kujera. "Fashi aka yi mini, Hajiya. Da rana tsaka. Kuma sai da aka sa na ce na yarda."

"Na sani."

"Ban canza ra'ayi ba fa."

"Wa ya tambaye ka?"

"Kuma hannun ya fara ciwo."

Ta lumshe ido. Robar ta yi hazo, ta washe, ta sake yin hazo. Yatsunta suka laluba kan bargo har suka samu nasa, masu sanyi, suka riƙe.

"Allah ya ƙara," ta ce.